Yadda ake kafa sana'ar takalmi mai ɗauke da sunanka, tun daga teburi ɗaya

Yin takalmi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya lissafa takalman fata cikin manyan hajojin da fatake ke fita da su daga birnin. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi kuwa tun da daɗewa ake ratsa sahara da ita har ta kai hannun Turawa. Dukawa da majema suna nan har gobe. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne mai sana'ar da zai tsaya a bayan aikinsa da sunansa. Sai ka ga yaro ya ɓata kwana biyu ya yi takalmi mai kyau a Kano ko a Aba, ya gama ya buga masa tambarin Italiya, mai saye ya ji daɗinsa, amma bai san wurin wa zai koma ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Saboda haka ga hanyar da nake ɗora duk wanda ya zo mini yana son farawa, namiji ne ko mace, da takalmin fata na maza mai buɗaɗɗen baya, domin shi ya fi sauƙin koyo, shi ne kuma ake saye rani da damina.

Kayan aiki

Las shi ne na farko, wato ƙafar roba ko ta katako da ake ɗora takalmi a kanta ya ɗauki siffa. Ka sayi na maza daga lamba 40 zuwa 45, dukkansu ƙira ɗaya daga wuri ɗaya. In kuɗin ba su kai ba, fara da 42 da 43, su aka fi nema. Kada ka tsinto 41 a wannan rumfa, 44 a waccan, don ƙirarsu ba za ta zo ɗaya ba, takalmanka kuma za su fito kamar ba hannu ɗaya ya yi su ba.

Sai wuƙar yankan fata mai kaifi da dutsen wasa ta, babban almakashi, guduma mai faɗin kai, filayar jan fata, basilla, fanca ta huda rami, ƙananan ƙusoshi, sanfefa mai kaushi da mai laushi, burushin shafa gam, biro mai farin tawada da ake zana wa fata, tef ɗin awo, salatif na takarda, da kwali mai kauri. Ka samu katako mai laushi ko faifan roba da za ka riƙa yanka a kai, don siminti yana kashe bakin wuƙa nan da nan.

Injuna biyu ne ake buƙata, keken ɗinkin fata da injin goga. Ba dole ka mallake su ranar farko ba. A duk inda masu takalmi suka taru akwai mai keke da ke ɗinka saman takalmi a biya shi, akwai mai injin goga da ke karɓar kuɗi a kan kowace ƙafa. Tsohon keken tela na ƙarfe ma yana ɗinka fata marar kauri in ka sa masa allurar fata da zaren nailan.

Kayan haɗi kuwa su ne fatar sama, fatar ciki mai laushi, faifan fayiba (wani kwali mai tauri) na shimfiɗar da tafin ƙafa ke takawa, soso ko mako (roba mai laushi marar nauyi) na taushin ƙafa, sol, gam iri biyu da zan yi bayaninsu a gaba, zare, bakul in ƙirar tana da shi, da fentin baki. A Kano, Kasuwar Ƙofar Wambai nan ne gidan waɗannan kaya. A kudu kuma Ariaria ta Aba.

Mataki na 1: Zauna a gaban mai sana'a

Karatu a waya ba ya koya wa hannu riƙon wuƙa. Nemi wanda ya iya, ka zauna a shagonsa wata uku ko shida, ka yi shara, ka shafa gam, ka kalli yadda yake jan fata a kan las. Ko da niyyarka ita ce ka ɗauki ma'aikata su riƙa yi maka, sai ka san aikin, in ba haka ba ba za ka gane an cuce ka a fata ko an yi maka ha'inci a gam ba. Mai son karatun abin a makaranta, akwai cibiyar fasahar fata ta NILEST a Samaru, Zariya.

Mataki na 2: Zaɓi takalmi guda ɗaya da mutumin da zai sa shi

Nan ne mafari da yawa ke watsewa. Yau na mata, gobe na 'yan makaranta, jibi sau-ciki, duk da jarin da bai kai ya kawo ba. Ka tsaya a ƙira ɗaya, launi biyu, baƙi da ruwan ƙasa. Ka kuma san wa kake yi wa. Magidanci ne mai sa shadda ranar Juma'a, ko saurayi ɗan jami'a, ko ɗan kasuwa mai wuni a tsaye? Na farko yana son sheƙi da sauƙin cirewa, na ƙarshe taushi yake nema da sol mai jure tafiya.

Akwai abin da ya kamata duk mai yi wa mutanenmu takalmi ya sa a ransa. Mai sayenka zai yi alwala sau biyar a rana, ya zura jiƙaƙƙiyar ƙafa a cikin takalmin nan. Zai cire shi a ƙofar masallaci ya bar shi a rana. Zai hau babur da shi, ya ratsa ƙurar hunturu da taɓon damina. Duk shawarar da za ka yanke a kan fata da shimfiɗa da gam, ka auna ta da wannan.

Mataki na 3: Fitar da kwalin yanka

Ɗauki las mai lamba 42 ka lulluɓe samansa da salatif na takarda, layi a kan layi, kowane layi ya hau rabin na baya. Ja layin tsakiya daga kan babban yatsa da na kusa da shi zuwa sama. Sai ka zana ƙirar da kake so a kan salatif ɗin da fensir, kana juya las ɗin kana dubawa ta kowane gefe. Ka kula bakin fata kada ya faɗo daidai kan ƙashin babban yatsa ko kan ɗan ƙaramin yatsa. Ko dai ya rufe su sosai ko ya kauce musu, don nan ne takalmi ke cizo.

Yanke zanen da reza, ɓare shi a hankali, ka manna a kan kwali ka shafe shi ya kwanta. In ya ƙi kwanciya, ɗan tsaga gefensa kaɗan. Ƙara santimita 2 zuwa 2 da rabi a duk inda fata za ta shige ƙarƙashin shimfiɗa, da kamar milimita 5 a inda za ka naɗe baki. Kafin ka taɓa fatar kirki, gwada da leda (fatar roba) mai araha ko tsohon yadi mai kauri, ka ɗora a las ka gani.

Tsakanin lamba da lamba a awon Turai da muke amfani da shi akwai kashi biyu cikin uku na santimita, wato wajen milimita 6 da rabi a tsawo. Amma kada ka ce za ka riƙa ƙara wa kwali da ido. Kowace lamba ka fitar mata da nata a kan las ɗinta, ka rubuta lambar da sunan ƙirar a jiki, ka huda su ka rataye a ƙusa. Waɗannan kwalaye su ne dukiyar shagonka. Su ne za su sa wanda ya sayi 43 bana ya dawo baɗi ya sami 43 ɗin da ya sani.

Mataki na 4: Sayen fata

Tafi da wanda ya san kasuwar a zuwan farko, da ɗan gari akan ci gari. Ana sayar da fatar kamfani da awon fit, fatar akuya ɗaya takan kai fit 4 zuwa 7. Don saman takalmin maza ka nemi fatar saniya mai kaurin milimita 1.4 zuwa 1.8, don ciki kuma ta akuya ko tunkiya da ba ta kai milimita 1 ba. Fatar saniya mai kyau tana da tsada a Najeriya, ɗaya daga cikin dalilan shi ne yawancinta ganda ake yi da ita a cinye. In ba ka samu ba, haɗa fatar akuya biyu da wani ƙyalle mai ƙarfi a tsakani, za ta tsaya.

Jima iri biyu ce. Akwai ta gargajiya da ake yi da bagaruwa, akwai ta kamfani da ake yi da sinadari, irin ta masana'antun Challawa da Sharaɗa. Ta bagaruwa tana ɗaukar tambari da zane da kyau, tana da kwarjini, amma ruwa yana sa ta duhu da tauri, in kuma ba a jeme ta sosai ba tana wari da damina. Ta kamfani ta fi laushi da jure ruwa, in ka yanka ta za ka ga tsakiyarta da ɗan shuɗi-shuɗi. Don shimfiɗar da jiƙaƙƙiyar ƙafa za ta taka, ni ta kamfani nake zaɓa.

Kafin ka biya, yi gwaji uku a gaban mai kaya. Jiƙa farin ƙyalle ka goga a fuskar fatar da bayanta da ƙarfi. In launi ya fito, ajiye ta komai kyanta, don za ta rina wa mutum ƙafa da bakin wandon farar shaddarsa, kuma ba zai yafe maka ba. Sai ka ninka ta biyu ka matse, ka ga ko fentin zai tsage. Na uku, duba bayanta. Leda tana da yadi a baya, in an ƙona gefenta narkewa take tana warin roba, fata kuwa ƙaurin gashi take yi. Ba laifi ba ne yin takalmin leda ga mai ƙaramin ƙarfi. Laifin shi ne ka sayar da shi da sunan fata.

Mataki na 5: Yanka da ɗinki

Shimfiɗa fatar a wuri mai haske ka zagaye duk tabo da biro: shaidar wuta, cizon kaska, kaftun ƙaya, ramin wuƙar mahauci. Fata ta fi ƙarfi a gadon baya, ta fi saki a ciki da hammata. Tana kuma miƙewa ta faɗi fiye da ta tsawo. Don haka maɗaurin da zai riƙe ƙafa ka yanko shi daga baya, tsawonsa ya bi layin ƙashin baya. Wanda aka yanko daga ciki, mako biyu ya isa ya saki, takalmi ya fara faɗuwa daga ƙafa. Ka yanki warin dama da na hagu daga wuri ɗaya don launinsu da ƙwayar fatarsu su dace, ka tuna kuma kifa kwalin in za ka yanki na hagu. Wari biyu na dama kuskure ne da kusan kowane sabon hannu yake yi.

Feƙe bakin fatar ta baya da wuƙa inda za ka naɗe, ya yi siriri, ka shafa gam kaɗan ka naɗe ka daddaka da guduma. Manna fatar ciki, ka bar ta ta ɗan zarce, ka ɗinka kamar milimita 2 daga baki, ɗinki 3 zuwa 4 a kowace santimita, sannan ka datse abin da ya zarce. Ɗinkin da ya cika matsewa yana yanka fata. Ƙarshen zaren nailan kuma a ɗan taɓa shi da wuta ya dunƙule, amma nesa da gwangwanin gam.

Mataki na 6: Shimfiɗa da ɗorawa a las

Zana tafin las a kan fayiba ka yanke, ka manna soso ko mako a sama, ka lulluɓe da fata ka naɗe bakinta ta ƙasa. Kada ka yi shimfiɗa da kwalin katan don neman sauƙi. Alwalar kwana uku za ta mayar da shi dusa. In za ka buga tambari, yanzu ne lokacinsa, kafin a haɗa, a daidai inda dunduniya ke zama.

Kafa shimfiɗar a ƙasan las da ƙusa biyu. Ɗora saman, ka daidaita shi da layin tsakiya, ka ja gefe ɗaya da filaya ka kama da ƙusa, ka ja ɗayan. Kada ka manne tukuna. Yi wa ɗaya warin haka, ka jera su a teburi kafaɗa da kafaɗa, ka durƙusa idonka ya yi daidai da su. Tsayin maɗauri ɗaya ne? Buɗin yatsu ɗaya ne? Auna da tef daga kan shimfiɗa zuwa bakin fata a duka biyun. Sai sun yi daidai za ka sa alama, ka shafa gam ka manne, ka daddake. Inda fata ta taru ta yi tudu a ƙasa, ka feƙe ta, ka cike kwarin tsakiya da guntun mako don ƙasan ya zama bai ɗaya. In ƙirar mai hanci ce, hancin ya ratsa shimfiɗar ya buɗe biyu a ƙasa, a manne a kuma ɗinke shi, don shi ke fara tsinkewa.

Mataki na 7: Gam da sol

A nan sunanka zai tsaya ko ya faɗi. Mutum zai haƙura da ɗinkin da ya ɗan karkace, amma ranar da sol ya buɗe baki a tsakiyar taron ɗaurin aure, ya gama da kai, kuma sai ya gaya wa duk wanda ke kusa da shi.

Gam mai ruwan ɗorawa shi ne na fata da fayiba da mako da sol ɗin nora (faifan roba da ake yanko sol daga jikinsa). Farin gam kuma shi ne na sol ɗin kamfani da aka zubo a inji, irin mai santsi, kuma yana buƙatar zafi kafin ya kama. Yawancin sol da ke ɓarewa, an sa masa gam ɗin da ba nasa ba ne. Tambayi mai sayar da sol ɗin wane gam yake ci, da ko yana buƙatar ruwan wanki da ake kira firaima. In ya ce yana buƙata, saya, kada ka yi ƙwauron kuɗinsa.

Ga yadda ake yi. Goge fuskokin biyu da sanfefa mai kaushi ko injin goga har sheƙin ya tafi gaba ɗaya. Fatar da ka naɗo ƙasa ma sai an kankare fentinta, don gam a kan fenti yake zama, fentin kuma ya ɓare da shi. Ka ɗora sol ɗin ka zana iyakarsa tukuna, kada gugar ta haura inda ido zai gani. Kakkaɓe ƙurar da busasshen burushi. Shafa gam siriri a duka fuskokin, ka kai shi har baki. Fata da fayiba suna shanye shafin farko, don haka in ya bushe ka ƙara na biyu. Sai ka jira minti 10 zuwa 15, har in ka taɓa da bayan yatsa ka ji yana ɗan kamawa amma bai biyo ka ba. Da hunturu yana saurin bushewa, da damina yana jan lokaci, saboda haka yatsanka ya fi agogo gaskiya. Haɗa gam yana ɗanye shi ne babban kuskuren masu gaggawa. Suna ganin kamar jiƙaƙƙe ya fi kamawa, alhali ruwan da ke cikinsa ne ke kullewa a ciki ya hana shi riƙo.

In farin gam ne, bayan ya bushe ka gasa fuskokin biyu da diraya har su yi zafi a hannu, ka haɗa nan take. Inda babu wutar lantarki akan yi amfani da risho ko garwashi, to amma a yi shi a waje, a nesa da gwangwani, a kuma riƙe sol ɗin sama da zafin ba tare da harshen wuta ya taɓa shi ba. Gam da tinna (ruwan da ake tsinka gam da shi) suna kama wuta kamar fetur. Ka yi aikin gam a inda iska ke ratsawa, ka rufe gwangwani da zarar ka ɗiba, kada kuma ka bar yaran shago su wuni a rufaffen ɗaki da warinsa. Yana illa ga ƙwaƙwalwa da ƙirji, wasu yaran kuma daga nan suke koyon shaƙe-shaƙe. Amanarsu tana wuyanka.

Fara haɗawa daga yatsu, sannan dunduniya, sannan tsakiya, don da zarar ya taɓa ba ya gyaruwa. Daddaka da guduma daga tsakiya zuwa baki, ka bi gefen kaf kana matsewa. Bar shi a las ya kwana. Kada a sa shi a ƙafa sai bayan awa 24.

In sol ɗin kanti ya fi ƙarfinka, tsohuwar tayar mota tana yi, kuma ba abin kunya ba ne. Bethlehem Tilahun Alemu ta kafa soleRebels a unguwar Zenebework ta Addis Ababa da sol ɗin taya da aikin hannun mutanen unguwarsu, takalman suka shiga kasuwannin Turai da Amurka da Asiya. Taya dai tana da nauyi, kuma ta fi son a haɗa mata da ɗinki ko ƙusa bayan gam.

Mataki na 8: Gyaran baki da gwaji

Goge gefen sol da shimfiɗa su zama ɗaya, ka bi da sanfefa mai laushi, ka shafa fentin baki. Cire gam da ya ɓullo da guntun ɗanyen roba. Zura hannu ciki ka shafa ko'ina, ka tabbata ba ƙusar da ta rage.

Kada ka sayar da na farko. Yi ƙafa biyar ko shida ka raba wa masu wahalar da takalmi: ɗan acaɓa, mai tura kura, malamin makaranta, ɗan kasuwa mai yawo, da dattijo mai faɗin ƙafa. Ka ce su sa kullum har wata guda, su yi alwala da shi, kada su lallaɓa shi. Ranar da suka dawo da shi ka juya shi ka karanta. Inda sol ya fi cinyewa, inda fata ta saki, inda gumi ya ɓata shimfiɗa, duk suna gaya maka abin da za ka gyara. Ka tambaye su inda ya cije su a makon farko. 'Yan'uwanka na jini za su ce ya yi kyau don kada ranka ya ɓaci, shi ya sa ba su ne 'yan gwaji ba.

Mataki na 9: Suna, tambari da rajista

Sai takalmin ya ci wannan jarrabawa sannan ya cancanci suna. Zaɓi gajere, mai sauƙin faɗa a bakin Bahaushe da wanda ba Bahaushe ba, wanda za a iya rubutawa a waya ba tare da an tambaye ka harafi ba. Ka guji sa sunan Allah ko wata kalma mai alfarma, tunda abin takawa ne. Duba Facebook da Instagram da TikTok ka ga ko wani ya riga ka. Tambarin ya zama marar tarkace, don zane mai ƙananan layuka ba ya fitowa a fata. Masu sassaƙa ƙarfe za su yi maka hatimi na tagulla, a ɗumama shi a danna. Gwada zafinsa a guntun fata kullum kafin ka kai shi kan shimfiɗa.

Ka tuna cewa a ƙofar masallaci da ƙofar zaure takalminka a cire yake, tambarin yana kallon sama, duk mai wucewa yana gani. Wannan talla ce da ba ka biya ba, kuma ita ce kake bai wa wani kamfanin waje kyauta duk ranar da ka buga sunansa a aikinka. Ban da haka, buga tambarin wani laifi ne a doka.

A Najeriya ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, ana yi ta intanet, da takardar kuma za ka buɗe asusun banki da sunan sana'ar. Sai dai mutane da yawa ba su san cewa wannan rajista ba ta kare tambari ba. Kariyar tambari tana ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja, takalmi kuma yana rukuni na 25. Rajistar farko shekara 7 take yi, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. A Nijar da Kamaru da Chadi hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde ce ke wannan aiki, rajista ɗaya kuma tana aiki a duk ƙasashen da ke cikinta. In kuɗi sun yi kaɗan, fara da CAC, ka yi ta tambari da zarar kaya sun fara tafiya, kafin wani ya lura.

Mataki na 10: Farashi

Ɗauki littafi ka rubuta duk abin da ƙafa ɗaya ta ci: fata, sol, fayiba, soso, zare, gam, kuɗin ɗinki da guga, kwali ko jakar da za ka sa shi, kuɗin motar zuwa kasuwa, man janareta, da fatar da ta tafi a ɓarna. Gam da zare ka raba kuɗinsu a kan yawan takalman da suka yi. Sannan ka sa ladan hannunka kamar yadda za ka biya wani, don ranar da ka ɗauki ma'aikaci kuɗin nan dole su fita. A kan wannan jimla ake ɗora riba. Ka kuma bar sarari tun yanzu don farashin sari, in ba haka ba ranar da mai shago ya ce a ba shi dozin biyu za ka rasa abin da za ka rage masa.

Kada ka yi gasar araha da takalman roba da ake shigowa da su kwantena-kwantena. Ba za ka ci ba. Abin da kake da shi da ba su da shi, fata ce ta gaske, da awon da ya dace da ƙafar mutum, da kuma cewa in ya lalace an san inda kake. Ka yi alkawarin gyara kyauta na wata uku in sol ya buɗe ko ɗinki ya warware, ka kuma cika. Farashin kaya yana motsi, saboda haka duk sarin da ka yi ka sake lissafi. Kuɗin sana'a kuma su zauna daban da na cefane.

Mataki na 11: Cinikin farko

Ba sai da shago ba. Phil Knight, wanda shi da Bill Bowerman suka kafa Blue Ribbon Sports a 1964, kamfanin da ya koma Nike a 1971, a bayan motarsa ya fara sayar da takalma a wuraren gasar gudu, wato ya je inda masu buƙata suke. Kai ma naka suna wurin tela, da shagon mai shadda, da wurin mai huluna, da majalisar abokan ango. Yi magana da tela ɗaya mai kwastomomi ka ajiye ƙafa uku a shagonsa, da ladansa a kan duk wanda aka saya.

Hoto kuma ka ɗauka da safe ko bayan la'asar a inuwa, a kan farin kwali ko tabarma mai tsabta, ɗaya daga sama, ɗaya daga gefe, ɗaya a ƙafar mutum da bakin wandonsa. Kada ka ɗauko hoton wani a intanet ka ce naka ne, kada kuma ka canza launi da manhaja. Ɗan gajeren bidiyon hannunka yana yanka ko yana daddaka sol ya fi dogon surutu jan mai saye. Ga na nesa, kada ka yarda da lambar da ya faɗa da baki kawai. Ka ce ya taka farar takarda a tsaye, a zagaye ƙafar da biro, a auna daga dunduniya zuwa yatsa mafi tsawo da kuma faɗinta, ya turo maka. Karɓi rabin kuɗi kafin ka yanka fata. Ranar da ka ce za a karɓa kuma ka ƙara kwana biyu a kan abin da kake zato, don gara ka kira shi kafin lokaci da ya yi ta kiranka kana ɓoyewa.

Mataki na 12: Faɗaɗawa

Kasuwar takalmi a wurinmu tana tashi ne gab da ƙaramar Sallah da babba da lokutan bukukuwa. Mai shiri tun watan Rajab da Sha'aban yake sayen fata da sol, ya yanka ya ɗinka saman ya ajiye, in azumi ya raba sai haɗawa kawai. Wanda ya jira goman ƙarshe zai sayi kaya da tsada, ya haɗa gam yana ɗanye saboda sauri, bayan Sallah takalma su yi ta dawowa. In aikin da ke hannunka ya kai iyakar ƙarfinka, ka ce wa na gaba ya yi haƙuri.

Ribar farko ta tafi a cike lambobin las, sannan injin goga, sannan keke. In za ka ɗauki mutum, ka ba shi sashe ɗaya ya ƙware a kai, amma shafa gam da duban ƙarshe su zauna a hannunka har sai ka sami wanda ka yarda da shi kamar kanka. Ka ajiye ƙafa ɗaya mafi kyau a shago a matsayin ma'auni, duk wanda aka gama a jera shi da ita kafin ya shiga kwali. Wanda bai kai ba kada ya fita da tambarinka, ko da za a sayar da shi da rangwame.

Masu shaguna za su nemi ka ba su kaya sai sun sayar su biya. Kada ka zuba fiye da abin da in ya maƙale ba zai tsayar maka da aiki ba, kuma a rubuta komai da sa hannu da ranar biya. Rance daga banki ko shirin tallafi irin na SMEDAN (hukumar raya ƙanana da matsakaitan sana'o'i) da Bankin Masana'antu yana da amfani ne lokacin da oda ta fi ƙarfin kayan aikinka, kuma za su nemi takardar rajista da littafin cinikinka, don haka ka fara rubutu tun daga ƙafar farko: ranar, sunan mai saye, lambarsa, launi, abin da ya biya, da ƙorafinsa in akwai.

Wannan littafin ne zai nuna maka lokacin fito da ƙira ta biyu. In ka ga mutanen da suka saya suna dawowa da kansu suna tambayar ko akwai wani iri, ka duba abin da suka fi nema, sau-ciki ne ko na yara ko na matansu, ka sayi las ɗinsa, ka koma mataki na 3, ka kuma bi ta gwajin wata guda kamar yadda ka yi wa na farko.